Murafun Lemo a Rumfar Tsafe

"Ke ɗiyar boko, nan ba aji ba ne," in ji wani mai jar hula. Sauran mazan suka kwashe da dariya.

Na gyara hijabina na jingina da gimshiƙin rumfar, a bayan tashar Tsafe, rana na dukan kwano. Mutum tara ne zaune kan tabarma, kowa da tarin murafun lemo a gabansa. Gasar kartar da suke kira foka ke nan, wadda samari suka koyo a waya. Kowa zai biya kuɗin shiga a ba shi murafu, wanda ya tattare su duka shi ke da komai.

Yayana Zakari ba shi da kuɗin shiga ranar. Makullin babur ɗinmu ya ajiye, babur ɗin da Inna ta sayar da gonar Kwatarkwashi ta saya bayan rasuwar Baba, wanda da shi yake kabu-kabu muna ci.

"Balkisu, ki tafi gida," ya ce, bai ɗago ba.

Na tsaya. Lissafi nake koyarwa a wata makaranta a Gusau, na saba kallon abu har ya faɗa mini sirrinsa. Idona ya tsaya kan Abdulƙadir, wani siririn mutum mai sayar da taya. In kartarsa ba ta da kirki, sai ya zuba murafu da yawa yana cika baki, kowa ya tsorata ya ajiye. Amma sau uku na ga ya duba karta ya yi tsaki, ya tura murfi mafi ƙanƙanta yana cewa, "Bari dai in bi ku hakanan." Duk sau ukun wani ya ga rago ya ƙara, shi kuwa ya ture tarinsa gaba ɗaya, ya buɗe manyan karta. Na ukun Zakari ne.

Da ƙafa muka fita tashar. Ni na biya mana mota.

* * *

Mun ce wa Inna babur yana wurin gyara. Sati guda ina tafiya makaranta a ƙasa, ina dawowa in tarar da shi kwance, fuska ga bango. Ban yi kuka ba, ban kuma roƙi kowa ba. Ranar Alhamis na shiga ɗakinsa na zube duwatsu a ƙasa a madadin murafu.

"Tashi. Mai tayar nan lumbu-lumbu ne, wutar ƙaiƙayi."

"Mi kika sani ga karta?"

"Na san shi. In ya shigo da ƙarami yana tsaki, kada ka ƙara ko murfi ɗaya, ko me kake riƙe da shi. Ka bi shi da araha ka ga abin da za a buɗe. In ya tura da yawa daga baya, ajiye ka bar masa. Ranar da ya shigo da hayaniya, to ranar ce taka, ka danne shi."

"In ajiye kartar kirki don tsoron mai taya?"

"Girman kan nan ne ya raba mu da babur."

Ya sauko ƙasa. Na sa ya dafa kaina ya rantse: babur na dawowa, shi da rumfar har abada. Na sayar da wayata na ba shi kuɗin shiga.

* * *

Ranar Lahadi na koma gimshiƙina. Abdulƙadir ya sa babur ɗin a cikin kyautar, don ya ja mutane. Kafin la'asar saura shi da Zakari. Abdulƙadir ya duba karta, ya yi tsaki, ya tura ƙarami. Na ga hannun Zakari ya nufi tarinsa, sai ya janye.

"Yau kuma tsoro, Zakari? Ko malama ta hana?"

"Buɗe mu gani," in ji yayana.

Sau biyu Abdulƙadir ya yi masa likimo, sau biyu ya tashi da 'yan murafu kaɗan. Haushi ya kama shi, ya fara zubawa da hayaniya. Zakari ya danne shi, ya tattare murafun duka.

A kan babur muka shiga Gusau. A hanya ya riƙa dariya, iska na kwashe maganarsa. "Ashe abin ilimi ne. Ashe ba sa'a ba ce, Balkisu."

Nan na gane abin da na koya masa.

* * *

Inna ta zagaya babur ɗin tana shafa shi, ta ce makanikin ya iya aiki. Ta yanka mana zabuwa.

Sati bai cika ba ya daina fita kabu-kabu da safe. Ya ce akwai babbar gasa a Bungudu, ta masu kuɗi, kuma su ma duk likimo suke yi. Na tuna masa rantsuwa, ya ce ai ita don mai faɗuwa aka yi ta.

Yau da na dawo daga makaranta na same shi a zaure, ya shimfiɗa tabarma, yana raba wa wuraren da babu kowa karta. Ya raba kashi biyar. Ya ɗago ya ganni, ya matsa gefe da ladabi, irin wanda bai taɓa yi mini ba.

"Malama, bismillah. Ga wurinki."