Kukan Da Aka Riƙe Wa Nankhoma

Da tsohuwa Nankhoma ta durƙusa ta kelaya aman nan a tsakiyar fili, mata suka rangaɗa guɗa. Namwale, maƙwabciyarta, ba ta yi ba. Ta ga irin rawar da gwiwoyin tsohuwar ke yi.

Ɗan mai gari ne ya mutu, aka rasa wanda za a ɗora wa sai Mwatitha, 'yar Namwale, wai ita ta kama kurwarsa. Aka kira mai dakan mwavi, ɓawon itacen nan mai dafi: in ka sha ka amayar ka kuɓuta, in ka mutu kai maye ne. Yarinya ga ciki ya tsufa. Da aka miƙa mata ƙoƙon mwavin, sai Nankhoma ta fizge ta shanye.

"Ni na yanke mata cibiya, ni zan sha mata. Tumbina ya ga abin da ya fi wannan."

Mai dakan, Chimombo, ya dubi aman yana yatsina. "Kada ku yi saurin guɗa. Sai rana ta faɗi tsohuwar tana numfashi. In na ji kukan mutuwa kafin nan, to mwavi ya yi magana, wuta za ta ci yarinyar."

Matan suka kai Nankhoma bukkarta. Namwale ta dama kunun masara, tsohuwar ta ƙi sha.

"Ke dai ba ki taɓa iya damu ba," in ji Nankhoma, muryarta can ƙasa. "Duk gudaji."

"Sha dai, iya, kya zage ni gobe."

"Goben wa? Saurara. Kada wadda ta buɗe baki. Kin ji ni?"

Rana na tsaka Nankhoma ta cika. Wayyo! A garin nan mace ba ta barin gawa ta huce ba kuka, don an ce ran mamaci ba ya gane hanya sai da shi. Namwale ta cusa bakin zane a bakinta ta cije. Sauran matan suka jawo turmi ƙofar bukka suka hau daka masarar da ta riga ta zama gari, hawaye na zuba a ciki.

Can da rana ta karkata wata ta leƙo, ido a waje. "Ga Chimombo nan tafe!"

Namwale ta zabura ta nufi tabarmar da tsohuwar ke kwance. Ta juya gawar ta fuskanci bango, amma mayafin da aka lulluɓe ta da shi ya kwanta shiru, ko makaho ya san babu rai a ƙarƙashinsa. Kafin ta yi magana Mwatitha ta haye tabarmar.

"Ke! Mai ciki ba ta taɓa gawa!"

"Inna, rufe mu."

Ta manne da bayan tsohuwar, ta dunƙule. Namwale ta ja mayafin har kansu, sai furfurar Nankhoma kaɗai ta bari a waje.

Inuwar Chimombo ta toshe ƙofa. "Ina tsohuwar?"

"Barci take. Tashe ta in kana marmarin zagi."

"Ina 'yarki?"

"Rafi. Ko ɗiban ruwan ma maita ne?"

Ya sunkuyo ya leƙa ciki. Ya ƙura wa mayafin ido. Duhun bukkar ya taimaka, mayafin yana ɗagawa yana sauka a hankali da numfashin Mwatitha. Wani ƙuda ya sauka a kan furfurar, yana yawo abinsa. Taɓaren ba su tsaya ba.

"Tsohuwa mai taurin rai," ya ce, ya tofar da yawu ya juya.

Ba wadda ta motsa sai da rana ta faɗa bayan dutse, aka ga Chimombo ya haye rafi da jakar fatarsa, yana kora akuyar ladansa a gaba.

Namwale ta yaye mayafin. Mwatitha ta tashi jiƙe da gumi, hannu a kan cikinta. A waje taɓare suka yi shiru, mata na jiran Namwale ta fara kukan, tunda ita ce ta kusa. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ta kai hannu don ta juyo da maƙwabciyarta. Ƙafafun sun yi sanyi ƙalau, amma bayan, inda yarinyar ta kwanta, har yanzu da ɗumi.