Jirgin da Bai Tashi Ba

…a ƙasa fa, ba a sama ba. Jirage biyu suna rarrafe za su layin tashi, wannan ya gogi wutsiyar wancan da fiffike, kamar 'yan okada a bakin kasuwar Ogbete. Maƙwabciyata Rakiya ce ta miƙo min waya, wai Hajiya kalli ikon Allah, ba wanda ya ji ciwo. Ina kallo. Mutane na saukowa, wata da takalmi a hannu…

Mayafin nan ruwan ƙwai. Da ƙunar dutsen guga a gefe. Ni na ƙona shi.

Mardiya ce, jikata. Ga ubanta a baya yana tare ta da hannu. Isiyaku — kai da ka durƙusa a tabarmar nan jiya ka ce Fatakwal za ku, bikin suna a gidan 'yar'uwarmu Rahinatu a unguwar Oil Mill, kwana biyu ku dawo? Rakiya ta ce jirgin Kano ne. A jirgin Kano ake raɗa suna?

Kwananta tara uwarta ta rasu, ka ajiye min ita a cinya, ko kuka ba ta iyawa. Shekara sha huɗu muna nan unguwar Asata, gadonmu ɗaya. Na san makarantar Kano da kake son kai ta ta fi. Na ce a'a ne? To, na ce. Sau uku. Sai ka sake tambaya mana! Ka bar ni in yi faɗa, in yi kuka, in tofa mata addu'ar tafiya mai nisa. Ta mota na yi mata, 'yar gajera. Da ƙarfen nan ya kama wuta, da wace addu'a…

Alhamdulillahi. Na faɗa, da gaske nake. Amma ƙirjina bai sauka ba.

Wai za a ba su wani jirgin da la'asar.

Yarinya ce, bin ubanta ta yi, me ta sani? Bari in tashi. Ɗakin shiru, ta share har ƙarƙashin gado. Mene ne wannan a jikin labule? Allurai. A jere, kowace da zarenta, fari, baƙi, ja… ni da idona ba ya ganin kafar allura sai ta zura min.

Sha biyu. Ashe ta sani.

Waya na ƙara a tsakar gida. Rakiya na cewa Hajiya, Mardiya ce. Na sake ƙirga alluran.