Baƙin Da Suka Zo Daga Jos

"Mama, a hannu za ki riƙe jakar! A hannu na ce!"

Philip yana ta zufa a gindin dutse, yana jera matan ƙauyensu kamar 'yan firamare. Shekara uku ke nan yana binciken digiri na biyu a jami'a, kan yadda wannan dutse na bayan Paiko yake jawo 'yan yawon buɗe ido. A rubuce, wallahi dutsen ya fi kasuwar Minna cika. A zahiri kuwa, awaki ne kaɗai baƙinsa, su ma don ba su da wurin zuwa.

Yau Dakta Gaiya, malamin da ke duba aikin, zai zo ya ga baƙin da idonsa. In bai gansu ba, digiri ya bi ruwa. Ga kuma dokar sashe, ba a yarda ɗalibi ya yi bincike a garinsu ba. Saboda haka tun farko Philip ya ce shi ɗan Kafanchan ne, a taswira ya san Paiko.

Don a samu baƙin da za a nuna, sai ya aro tabarau da jakunkuna a unguwar Dutsen Kura ta Minna, ya raba wa mahaifiyarsa Rifkatu da ƙawayenta na zumuntar matan coci.

"Daga Jos kuke, ba ku san ni ba. Ku kalli dutsen ku yi mamaki."

"Mamakin me?" in ji Rifkatu. "A kansa muke shanya rogo."

Fijon Dakta na tsayawa, mata suka ɗaga kai suka riƙe baki, sai ka ce ranar aka sauko da dutsen daga sama. Da a nan aka tsaya da an sha. Amma Dakta ya ce a hau, hawa da jaka a hannu kuwa wahala ce. Kafin Philip ya waiwaya, kowace ta ɗora tata a kafaɗa, can kusa da wuya, ta tallafe da hannu ɗaya, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya tun kaka da kakanni.

"Ikon Allah," in ji Dakta. "Ashe mutanen Jos sun iya ɗaukar Gbagyi haka."

Dakta kuwa kyamara ya zaro, bai tsaya ba sai da fim ya ƙare.

"Malam Philip, ƙaryarka ko tsari ba ta da shi, amma ka taki sa'a. Dutse ko'ina akwai. Wannan ne Bature zai hau jirgi ya zo gani. Ka juya binciken a kansu. Tunda baƙo kake a nan, doka ba ta hana ka ba."

Rifkatu ta ga fuskar ɗanta ta saki, ta ɗauka wasa ya ƙare. Ta cire tabarau, ta matso, ta kira shi da sunansa na gida, Shekwolo, ta tambaye shi da Gbagyi ko ya sa wani abu a cikinsa tun safe.

"Me tsohuwar take cewa?" in ji Dakta.

Kunya ta kama Philip har ƙashi, amma shekara uku ba wasa ba ce.

"Ba na jin yaren, Yallaɓai."

"To, ka nemi tafinta."

Rifkatu tana jin Hausa sarai. Ta dubi ɗanta, sannan ta rusuna wa Dakta.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Kama ce ta ruɗe ni, na ɗauka wani yaro ne da na sani."