Ledar da ke cikin fayil

Tun tana wata biyu Kumatu take da jan tabo mai tudu a gefen wuya. Likitar da ke duba ta a ƙaramin asibitin unguwarsu ba ta yarda da awon ido ba. Duk wata sai ta ɗora wata 'yar leda garai-garai a kan tabon, ta bi gefensa da biro, ta sa kwanan wata, ta mayar cikin fayil. Ta gaya wa uwar cewa ranar da sabon zane ya haura tsoho, ranar za a tura yarinyar babban asibiti, don wurin kusa yake da maƙogwaro.

Sai likitar ta tafi hutun haihuwa. Wanda ya hau kujerarta matashi ne mai fara'a. Ya leƙa kwamfuta, ya taɓa wuyan yarinyar, ya ce, "Ga shi an rubuta, ƙaramin tabo, ana lura da shi. Ku dawo bayan wata uku."

"Likita, ya ƙaru."

"Ai yarinyar ma ta ƙaru, Maman Kumatu. Dubi waɗannan kumatun!"

Ba ta yi dariya ba. Ita ke wanke wuyan nan safe da yamma.

"Ledar fa?"

"Wace leda?"

Ta saɓa 'yarta ta fita, ta wuce bencin masu jira, ta bi lungun bayan ɗakin allura har tagar tsohon da ke ajiyar fayil.

"Baba, fayil ɗinmu na takarda nake so."

"'Yata, tun da aka zuba komai a kwamfuta, takardu suna sito cikin kwali. Kwali arba'in! Da wannan bayan nawa?"

"To riƙe mini jikarka, ni in ɗaga."

Kafin ya buɗe baki ta ɗora masa Kumatu. Yarinyar ta cafke gilashinsa.

"Kai! Uwa masifa, 'ya ɓarna," in ji tsohon, yana laluben mabuɗi.

A kwali na tara suka same shi. Fayil ba ya fita a hannun mara lafiya, don haka shi ya ɗauko, yana tafe yana mita. Ita tana biye da shi, hannunta duk ƙura.

Likitan ya ɗaga ledar a hasken taga. Zane huɗu, kusan a kan juna. Fara'arsa ta ragu. Ya ce ta riƙe kan yarinyar, ya ɗora ledar, ya bi gefen tabon a hankali. Sabon zanen ya haɗiye sauran duka, har da rara ta wajen maƙogwaro.

Ya ajiye biron.

"Da na sallame ku wata uku," ya ce.

"Da ban tafi ba."

Ya jawo takarda ya fara rubuta wa babban asibiti.

"Ka sa kwanan wata a zanen, Likita. Kuma ka rubuta a kwamfutar cewa akwai leda, da inda take. Gobe wani ne zai zauna nan."

Ya rubuta. Ta zagayo bayan kujerarsa ta karanta da idonta, sannan ta karɓi takardar ta tambaye shi ƙarfe nawa suke buɗewa.