Warin Ashana a Ɗakin Haidirojin

Nazeefa tana dirzar yatsunta da soso a bakin famfo, fatar har ta fara zafi amma ba ta daina ba. Ta shinshina, ta sake goga sabulu. Jennifer, wadda suke aiki a benci ɗaya, ta jingina da ƙofa tana cewa in aka ci gaba a haka sai an nemo mata sabbin hannuwa a kasuwar Kuje.

Aikin Nazeefa a cibiyar binciken ba shi da wuyar faɗi. Man silikon ne mai yauƙi kamar zuma, wanda in ya sha zafi yake daskarewa ya lalace, saboda akwai gurabe a jikinsa da ba su cika ba. Ita za ta rufe shi a tukunyar ƙarfe, ta ɗura masa iskar haidirojin har guraben su cika, ya ƙoshi. Amma man ba ya shan iskar sai an barbaɗa masa wani baƙin gari, faladiyom. In yana sha, allurar geji mai auna ƙarfin iskar za ta riƙa sauka. Tun farkon damina take gwadawa, allurar ko motsi.

Ranar Litinin Dakta Thaddeus, mai duba aikin digirinta na biyu, ya gaya mata garin da ya rage na gwaji ɗaya ne. In bai yi ba zai miƙa aikin ga wani, ita kuma ta koma ta zaɓi sabon batu daga farko. Bai faɗa da faɗa ba, wannan ya fi ɗaga mata hankali.

Yau da safe, tana ƙoƙarin sa safar hannu, Jennifer ta matso ta yamutsa fuska.

"Ke, warin ashana kike yi. A ɗakin haidirojin kuma? Kina so ki tashe mu?"

Nazeefa ta ce man Gwaggo ne. Gwaggo Rakiya, wadda Nazeefa take zaune a wurinta a Kuje, ita ke haɗa shi da man kaɗanya da farar wuta, saboda ƙaiƙayin da ke feso wa Nazeefa a yatsu duk lokacin da hankalinta ya tashi. Kullum da safe sai ta shafa mata da kanta kafin ta bar ta ta fita neman mota.

Tana cikin bayanin sai wani abu ya faɗo mata. Farar wuta tana kashe faladiyom, ko ɗan ƙanƙani ne. Ta san shafin da aka rubuta haka, ta ma ja masa layi da jan biro. Da waɗannan yatsun take jawo safar, maiƙon ya hau bayanta, da safar kuma take ɗaukar cokalin awo da murfin tukunya. Gwaji ya ƙi, ƙaiƙayi ya ƙaru, Gwaggo ta ƙara mai.

Da ta gama wanke hannu, ta wanke duk abin da ta taɓa taɓawa. Jennifer ce ta sa mata sabuwar safa, tana kiranta likitan tiyata. Ta zuba man, ta juye ragowar garin duka, ta ɗaure murfi, ta kori iskar ciki da naitirojin, sannan ta yi bisimilla ta buɗe haidirojin.

Har aka kira azahar allurar na nan inda take. Da ta dawo daga salla sai ta ga kamar ta ɗan sunkuya. Ta goge gilashin idonta ta sake dubawa. Ta sauka.

Jennifer ta fara rawa da kafaɗa, Nazeefa ta riƙe mata hannu. Ai in tukunya na yoyo ma haka allura take yi. Ta kaɗa ruwan sabulu, ta bi kowace mahaɗa tana shafawa, tana jiran kumfa ta taso. Babu wadda ta taso.

Wajen la'asar allurar ta tsaya da kanta. Dakta Thaddeus ya shigo da makullin mota a hannu, yana sauri kada cunkoson hanyar filin jirgi ya kama shi. Ya ce a gwada a gabansa. Nazeefa ta ɗebi kaɗan a kwalba, ta ɗiga jan ruwan buromin. A duk gwajin baya man yakan shanye launin nan take, alamar guraben suna nan. Ta girgiza kwalbar. Jan ya zauna. Ta sake girgizawa, yana nan.

Dakta ya ɗaga kwalbar wajen taga ya daɗe yana kallo. Ya ce ranar Litinin a kai ta na'ura a tabbatar, shi kuma zai nemo wani garin.

"Me kika canza?"

"Na wanke hannu, Oga."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi Jennifer da ta toshe baki da rigar aiki, ya ce to ta riƙa wankewa.

A motar Kuje ta yi barci har sai da kwandasta ya tashe ta. Ta tarar da Gwaggo a tsakar gida, ta ba ta labarin allura da jan ruwa, ta bar sauran. Gwaggo ta yi hamdala, ta ce dama ta san in hannu ya samu lafiya aiki zai yi kyau. Sai ta jawo wani sabon gwangwani, ya fi na da girma.

"Wannan na ƙara masa farar wuta, 'yar nan. Kawo hannun."

Nazeefa ta dubi yatsunta. Yau Juma'a ce, ba za ta ga tukunya ba sai Litinin, kuma akwai sabulu a gidan. Ta zauna a gefen tabarma ta miƙa mata duka biyun.