Sunan 'Yar Fari

Ni dai ban ga amfanin filin jirgin da sai ƙafar mutum ta kumbura kafin ya ga ƙofar fita ba. Tun da muka sauka Kuala Lumpur da hantsi nake bin bayan mutane, ga sanyin na'ura yana ratsa ƙashina. Da na iso gaban ma'aikacin shige da fice, ya tambaye ni da Turanci wurin wa na zo. Turanci ina ji sarai, shekara ashirin da shida na yi ina koyarwa a firamare a Gwale. Amma sai na zaro takardar gayyata na dangwala yatsa a kan sunan. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya buga hatimi.

Sunan 'yata ne, 'yar fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ranar da aka yaye ta yayata Sakinatu ta goye ta zuwa Zariya, can ta girma, can aka ɗaura mata aure. Ni "yarinyar nan" nake ce mata, ita kuma Hajiya take ce mini, mu gaisa a tsaitsaye kowa ya kama gabansa. Shekara talatin da ɗaya muna haka, ban taɓa jin na yi laifi ba. To bara Sakinatu ta rasu. Watan jiya yarinyar nan ta kira ni daga ƙasar nan, inda suke karatun digiri na uku ita da mijinta, cikinta ya tsufa. Bayan gaisuwa ta ce, "Hajiya, tsoro nake ji. Don Allah ku zo." Ko allura ba ta taɓa roƙona ba. Na yi wa kaina alkawari sai ina kanta za ta haihu.

Na turo kayana waje ina neman mijinta, Muntasir. Mutane jere riƙe da kwalaye masu sunaye, babu nawa. Na tsaya, na zauna, na sake tsayawa. Kowa ana rungumarsa ana karɓar masa jaka, ni ko mai ce mini sannu babu. Wayata kuwa ta zama dutse, babu sabis. Sai da wata mai shara mai ɗan ƙaramin hijabi ta tausaya mini ta latsa ta, sannan saƙon murya ya shigo.

"Hajiya, ku yi haƙuri," in ji Muntasir. "Naƙuda ta taso da asuba, muna asibiti kusa da unguwar Chow Kit. Likita ya ce wataƙila sai an yi aiki. Ku zauna nan, abokina zai zo ya ɗauke ku ƙarfe huɗu in ya fito daga jarrabawa."

Ƙarfe huɗu! Ji wani zance don Allah. Agogon bango sha ɗaya saura ya nuna. Na so in kira shi in ce ya miƙa mata wayar, amma in ce mata me, kuma a kunnen suruki? Na mayar da wayar jaka. Ya dai rubuto sunan asibitin a ƙasan saƙon, shi na nuna wa mai sayar da tikitin jirgin ƙasa. Ta zana mini a takarda: ki sauka nan, ki hau wancan, ki sauka nan.

Na shiga tarago na yi sallama da ƙarfi kamar yadda aka koya mini. Wata tsohuwa ce kaɗai ta motsa leɓe. Sauran kowa ya kifa kai a waya, shiru kamar gidan makoki. Babbar jakata tana gabana, cike da gero da kanwa da yajin jego da daddawa. Ban san daddawar tana tashi ba sai da mutumin da ke kusa da ni ya miƙe a hankali ya canza kujera. Raina ya sosu, wallahi. A Kano da tuni wata ta tambaye ni ko ta Ɗambatta ce, mun ɓarke da hira.

Ta taga ba abin da ake gani sai itatuwan kwakwar manja, layi-layi har iya ganin ido. Na kama lissafi ban shirya ba. Ranar da yarinyar nan ta fara zuwa makaranta ba na nan. Ranar da ta karye a hannu labari aka kawo mini, na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da tankaɗe, don surukata tana zaune tana kallona. Ranar bikinta ɗakin maƙwabta na ɓuya, mata suna yabon kunyata. Yabon nan ya yi mini daɗi a lokacin. A cikin jirgin nan kuwa kaɗaici ya danne ni har na rasa inda zan sa idona, na ji ina kewar yarinyar da ban taɓa zama da ita na awa guda ba.

Babbar tashar da na sauka gari ce guda. Matakala masu tafiya da kansu, wannan ta hau, waccan ta sauka, ni da jaka biyu. Sau biyu ina dawowa gaban mai sayar da burodi ɗaya. Na tare wani saurayi, ya cire abin kunnensa, ya nuna sama da hannu ya ce da yarensu, "Boleh, boleh," ya wuce. Da ƙyar na sami ɗan jirgin da ke tafiya a kan gada tsakanin dogayen gine-gine. Ina tsaye riƙe da ƙarfe aka tsuge da ruwa. Na sauka Chow Kit cikin ƙarnin kifi da hayaniyar kasuwa, na ja kayana a jiƙe har ƙofar asibitin. Azahar ta gota.

A teburin karɓar baƙi ma takardar na nuna. Aka kai ni hawa na uku. Muntasir na hango ni ya taso da sauri ya durƙusa.

"Hajiya, ku kaɗai? Ta yaya kuka zo?"

"Yaya mai jikin?" na ce, ina kallon bango.

"An yi aikin tun sha biyu. Namiji ne, suna lafiya." Ya sunkuyar da kai. "Har aka tura ta ciki tana tambaya ko kun sauka."

Na bar masa kayan na tura ƙofar.

Tana kwance, an sa mata ruwa a hannu, leɓenta ya bushe, idonta a lumshe. Ashe tana da ɗan tabo a ƙasan haɓa, ban san yaushe ta same shi ba. Na jawo kujera na zauna. Babu kowa a ɗakin, babu mai yabo, babu mai zunɗe. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi, na sake gwadawa.

"Fatimatuzzahra."

Ta buɗe ido. A hankali ta juya kanta wajen ƙofa tana neman wanda ya kira ta, ni kuwa ina zaune dab da ita, hannuna a kan gadon.