Mutum na Uku Daga Hagu

A gidansu Auta maza uku ne suka saka kaki. Kakanta ya yi soja. Mahaifinta ya yi shekara talatin da ɗaya, ya sauka da igiya uku, shi ya sa har yau unguwa ba ta san masa wani suna ba sai Sajan. Na ukun yayanta ne, wanda ake ce wa Kofur, shi kuma bai dawo ba. Shekara bakwai ke nan da aka kawo musu takarda da hularsa da agogonsa. Hotunan su ukun suna jere a bangon falo, kuma duk wanda ya shigo sai Sajan ya tashe shi tsaye ya yi masa bayaninsu ɗaya bayan ɗaya, ko da mai gyaran famfo ne. Ƙasan hotunan akwai kabad, a cikinta akwatin katako mai ɗauke da lambobin yabo guda tara, kowace a naɗe cikin ƙyalle.

Tun rasuwar mahaifiyarta, Auta ce kaɗai ta rage a gidan tare da tsohon. Tana aiki a wani shagon ɗaukar hoto da ke bakin titi, kusa da kantin magani. Ita ke gyaran tsofaffin hotuna a kwamfuta: ta goge tabo, ta cike inda ya yage, ta dawo da fuskar da ruwa ya cinye.

Wata Asabar ta dawo da la'asar ta tarar da baƙon takalmi a ƙofar falo, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tudu. A ciki wani mutum ne dogo siriri zaune a bakin kujera, sandar ƙarfe jingine da gwiwarsa, yana karkato da kunnensa na dama wajen Sajan. Rabon da ta ga fuskar mahaifinta a sake haka har ta manta. Sajan ya ce mata ta zo ta gaida yayanta Dogo, abokin Kofur ne, rundunarsu ɗaya, shekara huɗu suna kwana ɗaki ɗaya. Ta gaishe shi, ya amsa da ƙanwata, har ya kira ta da sunan tsokanar da Kofur kaɗai ke kiranta da shi, 'Yar Kuka. Sajan ya yi dariya har da tari. Ita ba ta yi ba.

Dogo ya zo da hoto, an naɗe shi a leda. Sojoji shida ne tsaye a gaban wata babbar mota, Kofur na biyu daga hagu. Ya ɗora yatsa a kan na uku ya ce shi ne nan, lokacin yana da ƙiba. Sajan ya kai hoton dab da hancinsa, don yanar ido ta rufe masa ɗaya, ɗayan ma sai a hankali, ya ce ƙwarai kuwa ga shi nan. Auta ta san babu abin da ya gani.

Bayan tafiyar baƙon ta tambayi mahaifinta inda mutumin yake shekara bakwai, sai yanzu ya san hanyar gidan. Sajan ya ce jinya ya yi, ba ta ga ƙafar ba ne. Ta ce jinyar shekara bakwai ko waya babu. Ya ce ita matsalarta ke nan, ta saba kallon mutane a kwamfuta tana neman inda suka yage.

Daga ranar Dogo ya mai da Asabar ranarsa. Ƙarfe huɗu daidai yake ƙwanƙwasa ƙofa da sandarsa. Bai taɓa roƙon komai ba, shayi ma sai an matsa masa, kuma hakan ya fi damun Auta, don a ganinta wanda bai roƙi ƙarami ba babba yake jira. Tana kicin ta rage wutar risho ta kasa kunne. Ta lura labaransa duk na gidan ne: yadda Kofur ya faɗo daga keken Sajan ya ɓoye ciwon kwana uku, yadda Sajan ke jera musu takalma ran Lahadi ya duba gogewarsu da fitila. Abubuwa ne da ita da mahaifinta suka riga suka sani. Da zarar ta jefa masa tambaya a kan bariki, waye shugabansu, me Kofur ke yi in ba shi da aiki, sai kunnen ya daina ji. In ta maimaita da ƙarfi, ya ce ai Kofur mutum ne mai raha, shi ke ba su dariya. Yayanta kuwa miskili ne, yana iya wuni bai haɗa jimla biyar ba. Wata rana kuma yana kwatanta yadda Kofur ke rubuta wasiƙa, ya kwatanta da hannun dama, alhali Kofur bahago ne.

A Asabar ta huɗu ta ce wa Dogo ya ba ta hoton ta gyara masa tabon da ke gefe. Ya shafa ledar da babban yatsa, sannan ya miƙa mata. Ranar Litinin da safe, kafin masu hoton fasfo su fara zuwa, ta ɗora shi a na'ura ta ƙara girmansa har fuskar mutum na uku ta cika gilashin kwamfutar. Yana da wushirya, Dogo ba shi da ita. Kunnuwansa a manne suke da kai, na Dogo a buɗe. Sannan kafaɗarsa ba ta kai ta Kofur ba, Dogo kuwa sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonsu. Ƙiba tana zuwa ta tafi, amma ba ta taɓa jin jinyar da ta ƙara wa mutum tsawo ba. Tabon da ke gefen hoton ma ta daɗe tana kallonsa. Ba na ruwa ba ne, ba na shayi ba. Ta buga fuskar a babbar takarda ta saka a jaka.

Ranar Laraba ta nemi izinin mai shagon ta tafi ofishin tsofaffin sojoji, wani ɗaki a hawa na biyu mai fanka ɗaya da benci biyu cike da dattawa riƙe da fayil. Magatakardan ya san Sajan, don haka bayan ya ja mata rai kaɗan ya ɗauko wani kundi ya bi layi da kan biro. Ya ce Dogo soja ne na gaske, an sallame shi saboda rauni, amma direba ne a sashen sufuri, bai taɓa zama a rundunar Kofur ba ko na kwana ɗaya. Ya cire gilashinsa ya ce ta sa ido, akwai masu bin gidajen waɗanda suka rasa 'ya'ya, su fara da zumunci su ƙare da takardun gida. Har ta kai ƙofa ya ƙara da cewa akwai kuma waɗanda ba su da inda za su zauna ne kawai, shi daga nan teburin ba ya iya bambancewa.

Ba ta gaya wa mahaifinta ba, tana tsoron abin da zai yi wa hawan jininsa. Sai ta jira ya shiga wanka, ta buɗe akwatin ta kwashe lambobin yabon tara, ta haɗa da takardun gidan, ta kai shago ta kulle a durowarta. Akwatin ta mayar inda yake.

Asabar ta zagayo. Tana kicin tana jera kofuna ta ji ƙarar ƙofar kabad, ta ji Sajan yana cewa yau zai nuna wa Dogo lambar da aka ba kakansu, wadda ba kowa yake nuna wa ba. Da ta leƙo, tsohon yana zaune da akwatin a cinya, yana laluba cikinsa da yatsu, kusurwa zuwa kusurwa. Ya ɗago kai a hankali ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, mutum uku ne kawai ke shiga falon nan.

Dogo ya dafa sanda ya miƙe. Ya fara fito da abin da ke aljihunsa yana ajiyewa a kan tebur: katin asibiti, makulli ɗaya a zare, ƙwayoyin magani a takarda, hankici. Ya kama maɓallin rigarsa zai cire.

"Baba, ni na ɗauke su," in ji Auta. "Suna shago."

Ta ajiye tiren, ta ɗauko babbar takardar daga jakarta ta shimfiɗa kusa da katin asibitin. Ta gaya wa mahaifinta duk abin da ta gani a hoton da abin da magatakarda ya karanta mata. Sannan ta juya ga baƙon.

"Malam, wannan ba kai ba ne. A ina ka samu hoton yayana?"

Dogo ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon fuskar mai wushirya, sannan ya ce bai ma san sunan mutumin ba. Ya ce shi motar ɗaukar masu rauni yake tuƙawa. Ranar da abin ya faru an saka masa mutum uku a baya, sai wuri ya ƙare, aka kwantar da kujerar gaba aka ɗora masa Kofur a gefensa. Gada ta karye, dole suka bi doguwar hanya. Ma'aikacin jinya ya ce masa kada ya bari wannan ya yi barci, ya yi ta sa shi magana. Shi kuma bai san me zai tambaye shi ba, sai ya ce ya ba shi labarin gida.

"Awa biyu da minti ashirin na san shi, ranka ya daɗe," ya ce. "Iyakar sanin ke nan. Duk abin da na faɗa muku na gida, a motar ya gaya mini. Sauran ni na ƙara."

Ya ce hoton bayan mako ɗaya ya tsince shi a ƙarƙashin kujerar yana wanke motar, da busasshen jini a gefensa. Ya yi niyyar kawowa, sai nasa tsautsayin ya same shi. Da ya warke ya zo unguwar sau biyu yana komawa daga bakin layi. Ran da ya samu ya shigo, Sajan ya riƙe hannunsa ya tambaye shi ko abokin yaronsa ne, shi kuma ya ji kunyar ya ce direba ne kawai da bai isa da shi asibiti da rai ba. Ya ce e. Daga nan ƙarya ta yi ta jan 'yar'uwarta.

Sajan ya rufe akwatin. Muryarsa ta koma irin wadda Auta ta sani tana yarinya. Ya tambayi sunan hanyar, da gudun da motar ke yi, da ko an ba yaron ruwa, da ko ya yi ihu. Dogo ya amsa ɗaya bayan ɗaya: an jiƙa masa leɓe da auduga, bai yi ihu ba, ya dai ce sau biyu a gaya wa Baba bai bar bindigarsa a baya ba. Sajan ya ce soja ba ya aro rundunar da ba tasa ba, kuma wanda ya tuƙa motar nan a ranar nan ba shi da abin jin kunya sai wannan ƙaryar. Ya ce ya kwashe kayansa ya tafi. Ita kuma Auta ya ce kafin magariba yana son ya ƙirga lambobin nan tara da hannunsa, kuma kada ta sake yanke hukunci a kan abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka.

Asabar biyu ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sajan bai ambaci sunansa ba, amma ƙarfe huɗu yana yi sai ya rage sautin rediyo. A mako na uku ya ce wa Auta ta je ta nemo direban nan, akwai tambayoyin da bai gama ba.

Ta same shi yana gadi a wani wurin sayar da katako, zaune a kan benci cikin ƙurar zarto. Ya miƙe da ya gan ta, bai ce ƙanwata ba. Ta isar da saƙon, ta kuma gaya masa kai tsaye cewa ita har yanzu ba ta gama yarda da shi ba. Ya ce ya sani, kuma da shi ne a matsayinta haka zai yi.

Da ya dawo, sai ta riƙa zama a falon da littafi tana rubuta duk abin da ya ce Kofur ya faɗa a motar. Bayan kwanaki ta sake jefo masa tambayar ta wata fuska, ta koma ɗaki ta gwada da abin da ta rubuta. Bai taɓa sauyawa ba, kuma inda bai sani ba yanzu yana cewa bai sani ba. A cikin wannan binciken nata ne ta gano takardunsa na neman na'urar ji sun shekara biyu a ofishin tsofaffin sojoji ba a sa musu hannu ba. Ta faɗa wa mahaifinta.

Litinin da safe Sajan ya sa ta goge masa farar rigarsa, ya ce ta gaya wa mai shago za ta makara. Su uku suka hau matakalar ofishin, Dogo a gaba da sandarsa, tsohon yana dafe da kafaɗarta. Dattawan da ke benci suka matsa masa. Bai zauna ba. Ya wuce har gaban teburin magatakarda, ya ce a fito masa da fayil ɗin direban nan yanzu, yana tsaye, kuma in shugaban ofishin yana ciki a gaya masa Sajan ne ya zo da kansa.